Allon da Ba Ya Son Faɗa

Baba Eriya a bene yake zaune, saman shagon mai aski, kuma duk abin da ya faru a ɗakinsa sai ya gangaro ta matakala ya shiga kunnen matar mai aski tun bai huce ba. Ita dai ta ce ba laifinta ba ne, ginin ne ba shi da kauri.

Sunan Eriya ya samo shi ne tun yana gyaran talabijin, irin masu ƙatuwar ƙeyar nan da sai ƙarti biyu sun cicciɓa suna nishi. Shagonsa kullum warin dalma da ƙura mai ɗumi. Yana da wani tsohon madubi da yake jinginewa a gaban talabijin, don in yana baya yana tone-tone ya riƙa hango abin da hoto ke yi. Wannan madubi bai taɓa kai shi gida ba, kuma da dalili.

A gida talabijin ɗaya gare su, wadda wani ya kawo gyara bai sake waiwayarta ba. Mama ta saƙa mata mayafi da zaren ulu, ana yafa mata kamar za ta unguwa. A jikinta aka jona ɗan akwatin gem mai kaset, irin wanda sai an hura masa iska an buga shi a cinya kafin ya yarda ya tashi. Wasa ɗaya ne a ciki mai daɗi, tseren mota. 'Ya'yansu biyu: babbar mace, wadda kowa ke kira Yaya har shi uban, sai ƙaninta Auta. Abin riƙewa biyu ne, ɗaya lafiyayye, ɗaya birkinsa na maƙalewa. To, kun ji mafarin faɗa.

Da zarar murya ta fara tashi, sai Baba ya miƙe kamar mai neman sukundireba, ya bi ta bayan talabijin. Akwai wani ɗan baƙin abin murɗawa a can, yaran suka sa masa suna cibiya. Yatsa biyu kawai, sai hoto ya kama gudu, mota ta hau sama ta ɓullo ta ƙasa, ta sake hawa.

"To, kun gani," sai ya ce. "Talabijin ɗin nan ba ta son faɗa. Ni hannuna ya yi girma, ba ya shiga."

Ƙarya tsagwaronta, mutumin da ya yini hannunsa na cikin talabijin. Amma sai Auta ya kutsa baya da ɗan hannunsa ya kama cibiya, ba ya ganin komai tunda babu madubi, Yaya kuwa ta tsaya a gaba tana ba da umarni. Kaɗan. Ƙara. Ka wuce, dawo. Ya tsaya. Kafin hoto ya tsaya sun manta abin da ya haɗa su. Mama tana bakin kicin, ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya.

Yara suka girma. Yaya ta zama mai koyar da tuƙi, irin wadda ɗalibanta ke tsoro kuma suke cin jarrabawa. Auta ya zama mai kula da kwamfutoci a wani ofis. Mama ta rasu, Allah ya jiƙanta. Hannun Baba ya soma rawa, dalma ta daina zama inda ya sa ta, aka rufe shago. Ran da za a kwashe kaya Yaya ta yi tafiya, Auta ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka loda komai. Har da talabijin ɗin gida, wadda aka mayar shago ajiya tun da ta daina aiki. Da mayafinta a kai aka ɗora ta a mota.

Da Yaya ta dawo ta faɗi wata magana, Auta ya mayar da wadda ta fi ta. Matar mai aski tana da maganganun biyu a ajiye, amma ba na maimaitawa ba ne. Tun daga nan suka raba ranakun zuwa duba Baba kamar gado: Asabar ta Yaya, Lahadi ta Auta. In saƙo ya kama, ta bakin Baba yake bi. "Gaya wa ɗanka maganinka ya kusa ƙarewa." "Gaya wa 'yarka na riga na saya." Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, ba su haɗa ido ba. Baba dai kullum kofi uku yake saukewa daga kanta, ya mayar da ɗaya.

Likita ne ya jawo maganar gem, ya ce tsohon ya sami abin da zai riƙa motsa yatsu da ƙwaƙwalwa. Baba ya faɗa wa Yaya ran Asabar cewa yana kewar tseren motar nan, ya faɗa wa Auta ran Lahadi. Auta ya haɗo masa kwamfuta da sitiyari na roba. Yaya ta ji labari, ta ce ba za a bar ta a baya ba, ta hau bene da allo a kwali, siriri kamar faranti, faɗinsa ya cika tebur.

Aka jona, aka kunna. Gem ɗin zamani, har ganyen bishiya ana gani. Baba ya kama sitiyari, ya taka, ya iso kwanar wata gada, sai hoto ya tsage a tsakiya kamar an ja zane da reza. Rabin sandar fitila nan, rabin can. Ya daki gada.

Abin da ya fara yi shi ne leƙa bayan allon. Babu ƙeya, babu ɗumi, babu ƙura. Sai wani ɗan tsinin roba guda ɗaya a gefe. Ya shafa shi, ya ƙyale.

Auta ne ya yi masa bayani ran Lahadi, yana huci. A cikin kwamfuta akwai kati mai zana hotuna, wani lokaci ya yi sauri, wani lokaci ya ja ƙafa. Shi kuwa allo tafiyarsa ɗaya, ba ya jiran kowa. In ba su daidaita taku ba, sai allo ya nuna rabin tsohon hoto da rabin sabo. Kamfanoni biyu ne ke yin katin, mai jan tambari da mai kore, kuma kowanne ya ƙirƙiro hanyarsa ta sa allo ya jira kati.

"Katina kore ne, Baba. Ita kuma ta je ta kwaso allo mai jan tambari. Da gangan ta yi. Tun muna yara in na ce gabas sai ta ce yamma."

Asabar ta zo, Baba ya isar da saƙo, ya ɗan ƙara masa gishiri. Yaya ta ajiye jakarta da ƙarfi.

"Jan kamfani kowa nasa ne, ba ya ƙyamar kowa. Koren ne mai girman kai, sai nasa. Ya dace da mai shi. Gaya wa ɗanka allona lafiyarsa ƙalau. Kai kuma, Baba, ka daina taka wuta a kwana, da ɗalibina ne kai da tuni na sauke ka."

Ta yi awa guda tana zagin kati. Baba yana kurɓar shayi yana sauraro, zuciyarsa fes. Rabon da ya ji ta yi maganar ƙaninta mai tsawo haka, tun Mama na da rai. Zagi ne, to, amma ai sunansa ne a bakinta.

Ashe kamfanonin nan sun fi 'ya'yan Baba hankali, sun daɗe da sasantawa. Koren ya yarda zai ji yaren jan, da sharaɗin a canja wayar da ke jona su, a kuma kunna abin a allo. Auta ya binciko, ya dawo da wata wayar jona allo a aljihu, bakinta kusurwa ɗaya a yanke kamar an gutsura. Ya cire tsohuwar ya sa ta. Ya shiga cikin kwamfuta ya danna wani wuri. Sannan ya zura hannu bayan allo ya kama ɗan tsinin robar nan, rubutu ya fito a gaba, ya riƙa danna tsinin: ciki, ƙasa, ƙasa, dama, ciki. Baba yana gefe kamar mai gyangyaɗi. Ido kuwa na tsohon mai gyara ne, in ya ga yatsa ya bi hanya sau ɗaya, ya haddace.

Hoto ya zama sumul. Mota ta sha kwanar gada kamar ruwa, sandunan fitila suka tsaya cak a kan ƙafafunsu. Auta ya karkaɗe hannu, ya sha shayinsa a tsaye, ya tafi da wuri tunda babu sauran abin yi. Ran Asabar Yaya ta kalli allon, ta taɓe baki, ta tambayi magani, ta share kicin, ita ma ta tafi. Ko "ɗanka" ba ta ce ba.

Baba ya zauna gaban allo mai lafiya, motar tana tsaye a bakin layi tana gurnani, bai taka ba. Ɗakin ya koma shirunsa na da. Ya tuna ƙarar kaset a cinya, da ƙafafun Auta da ke leƙowa daga bayan talabijin, da kafaɗun Mama. Ya ɗauko man zafin da yake shafa wa gaɓoɓin yatsunsa, ya mulke su sosai, ya jira rawar hannun ta lafa. Sannan ya zura hannu bayan allo.

"Ashe kai ma kana da cibiya," ya ce.

Ciki, ƙasa, ƙasa, dama, ciki. Ya taka mota zuwa gada. Hoto ya tsage, ya daki gada, ya yi murmushi.

Daga nan abu ya zama sana'a. Auta ya gyara ran Lahadi, kafin Talata ya lalace. Ya fara zuwa tsakiyar mako bayan ya tashi daga aiki, yana tone kwamfuta, yana sabunta wannan yana goge wancan, a ƙarshe ya tarar allon ne ya kashe abin da kansa. Ya ce allon 'yarka ba ya riƙe magana. Yaya ta ce ɗanka ne bai iya aikinsa ba, ta fara zuwa ran Alhamis ita ma, da tabarau, tana karanta bayanai a wayarta. Kofuna suka daina hutawa. Sau ɗaya har suka kusa yin karo a matakala, mai aski ya ce ya ga Auta ya laɓe a bayan ƙofar shagonsa yana kallon hotunan aski kamar yau ya fara ganinsu.

Baba ya yi zaton yana tuƙa abin yadda yake so. Sai dai ya taka wuta a kwana. Wata Alhamis Yaya ta cire tabarau ta ninke, ta yi magana a hankali, wanda ya fi faɗanta ban tsoro.

"Na gaji, Baba. Jibi zan zo in ɗauke allona. Ya sayo maka nasa kore, ku ƙarata. Ni in ina son ganinka, na zo na ɗauke ka mu fita. Ba zan sake zama ɗakin da ake raina min kaya ba."

Ta sauka. Baba ya bi ta da ido ta taga har motar koyon tuƙinta ta sha kwana. In allon nan ya fita daga ɗakin, ya san babu sauran abin da ya haɗa 'ya'yansa sai ranar da za a fitar da shi shi ma. Ya yi tunanin ya gyara abin ya yi shiru, amma gyara ba zai hana ta zuwa da kwali ba. Ya yi tunanin kiran Auta ya ce ka zo Asabar, ya san amsar. Sai ya sa takalmi, ya dafa bango, ya sauka wurin matar mai aski, wai aron allura.

Bai roƙe ta komai ba. Cewa kawai ya yi, kada ta faɗa wa kowa, Yaya na cewa yaron nan ko fitila bai iya jonawa ba, wai a ofis ma share tebura yake yi, shi ya sa za ta ɗauke allonta ran Asabar da hantsi. Matar mai aski ta rantse bakinta ƙanin ƙafarta. Ran Juma'a da yamma Auta ya zo aski, kamar yadda ya saba.

Asabar da hantsi Yaya ta hau bene da kwali, ta tarar da ƙaninta zaune a kujerar Mama, sabon aski, ya harɗe hannuwa. Ta tsaya a bakin ƙofa. Baba yana tsakiya riƙe da sitiyari kamar zai kare kansa da shi.

"Baba, gaya wa 'yarka kafin ta taɓa komai, a gwada a gabanta a ga wanda bai iya aiki ba."

"Baba, gaya wa ɗanka ba gwaji ya kawo ni ba."

Ta ja teburin gaba kaɗan, ta kutsa tsakaninsa da bango don ta zare wayoyi. Wurin matsattse ne, ta durƙusa, ba a ganin komai nata sai ƙafafu. Baba ya runtse ido. Yana jin ta tana laluba. Sai lalube ya tsaya.

Hannunta ne ya sauka a kan ɗan tsinin robar, ya zame. Maiƙo. Ta kai yatsa hanci. Duk gidan nan mutum ɗaya ne ke warin man zafi, kuma ita ce ke saya masa. Ta ɗago kai ta saman allo, ido biyu kawai, ta dubi ubanta. Baba ya sami wani abu mai muhimmanci a silin yana kallo.

Tsoho ya ƙanƙame sitiyari. Yana jira ta miƙe, ta ɗauki jaka, ta ce har da kai, Baba. Maimakon haka, sai kan Yaya ya koma ƙasa.

"Kai," ta ce daga bayan allo. "Taso ka tsaya a gaba. Ba na ganin rubutun daga nan."

Auta ya waiwaya ya ga ko da wani take. Rabon da ta ce masa kai, har ya manta yadda yake sauka a kunne. Ya taso yana ɓata rai, don kada a ce ya yi sauri.

"Danna ciki," ya ce. "Ƙasa. Ƙara. Kin wuce, Yaya, dawo."

"Hannuna ne ya yi girma."

"Dama. To, ciki. Baba, taka mu gani."

Baba ya taka. Motar tana tangaɗi, amma ta isa gada, ta sha kwana, sandunan fitila suka wuce a miƙe.

"Ya tsaya?" in ji Yaya.

"Ya tsaya."

Ta fito tana karkaɗe gwiwa, ta miƙa wa ƙaninta yatsa a hanci. Ya ja baya, ya sansana, ya dubi kwalbar man zafi a kan taga, ya dubi allo, ya dubi Baba. Ana ganin lissafin yana tafiya a fuskarsa, yana komawa baya, ya wuce wannan wata, ya wuce shago, har ya isa wani ɗaki mai talabijin da mayafi.

"Tsaya," ya ce. "Waccan ma? Ta gida?"

"Sai yau ka gane? Ni ma yanzu na gane a bayan tebur."

"Ni fa har na yi aure ina gaya wa mutane muna da talabijin da ba ta son faɗa."

"Ni ban san abin da kuke magana a kai ba," in ji Baba. "Ni tsoho ne, hannuna rawa yake yi. Kayan zamani ne ba su da ƙarko."

Yaya ce ta fara dariya. Ta juya baya, ta fuskanci kicin, kafaɗunta suka kama rawa. Baba ya kalle ta, ya kawar da kai da sauri, ya daki gada ta biyu.

Ba a rungumi juna ba, kada wani ya ƙara muku. Auta dai ya ce, yana kallon ƙasa, mayafin bai bi motar ƙarafa ba, ya fizge shi a bakin titi, yana cikin durowarsa. Yaya ta ce me ya hana shi faɗa. Ya ce wa ya tambaye shi, ai zagi aka fara da shi. Ta ce ya kawo, ita za ta wanke, shi bai iya wankin ulu ba. Daga nan suka koma kan wanda zai fara riƙe sitiyari, ita tana cewa sana'arta ce, shi yana cewa kwamfutarsa ce. Aka tashi Baba daga kujera, aka tura shi dafa shayi. Ya sauke kofi uku, bai mayar da ko ɗaya ba.

Da la'asar suka sauko tare, kwalin babu komai a ciki, Auta ne ke riƙe da shi. Matar mai aski tana share matakalar da ta riga ta share tun safe. A gabanta Yaya ta tsaya tana neman makullin mota a jaka, ta ce wa ƙaninta ba tare da ta dube shi ba:

"Allon nan na san halinsa, Asabar ma zai lalace. Ka zo da wuri."

A sama kuwa, ta tagar da ke buɗe, ana jin murfin kwalbar man zafi yana juyawa.